Tarihin Ƙiyasta Darajar Tsofaffin Kuɗin Ƙarfe: Darasi Daga Liyari da Anini

1.0 Gabatarwa

Wata rana, bayan an tashi daga darasi, wani ɗalibina ya biyo ni ofis, ya kwance wani ƙulli a gabana, sai ga kuɗin azurfa mai faɗi. A fuska guda akwai hoton wata Baturiya da lulluɓi, a ɗaya fuskar kuma mikiya mai kai biyu. Ya ce a adudun kakarsa aka same shi bayan ta rasu, kuma wani dillali ya shaida wa magada cewa tun da an rubuta 1780 a jikinsa, to, ya haura shekara 240, saboda haka kuɗinsa ya isa sayen gida. A kan wannan magana har an dakatar da rabon gado, 'yan'uwa sun fara zargin juna. Na ce masa wannan liyari ne, kuma mai yiwuwa ne bai cika shekara ɗari da bugawa ba, sannan darajarsa a kasuwa ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsa da wani abin kirki ba. Bai ji daɗin maganar ba, amma ya zauna ya saurari dalili.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda masana suka kai ga ma'aunin da ake ƙiyasta darajar tsofaffin kuɗin ƙarfe da shi, sannan ta gwada wannan ma'auni a kan kuɗaɗen da suka yi yawo a ƙasar Hausa. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne cewa tsufa shi kaɗai ba ya sa kuɗi ya yi tsada. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan fage sai an tambayi yawan zumar da ta rage, da kuma yawan masu nemanta.

2.0 Daraja Iri Uku

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu bambance abubuwa uku waɗanda jama'a kan cakuɗa idan ana maganar darajar kuɗi.

Ta farko ita ce darajar da hukuma ta ɗora wa kuɗi, watau abin da aka rubuta a jikinsa. Wannan tana rayuwa ne muddin hukumar tana karɓarsa. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka fito da naira da kwabo a Nijeriya, kuma da aka gama janye fam da sule, wannan daraja tasu ta mutu.

Ta biyu ita ce darajar ƙarfen da aka buga kuɗin da shi, ko zinariya ko azurfa ko tagulla. Wannan ba ta mutuwa da faɗuwar hukuma, sai dai ta hau ko ta sauka bisa farashin ƙarfen a kasuwannin duniya. Ita ce maƙeri yake dubawa idan an kai masa.

Ta uku ita ce darajar da masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi suke ba shi. Wannan ce mai wuyar ƙiyastawa, domin ba ta da sikeli, kuma a cikinta ne ake samun riba mai yawa da kuma damfara mai yawa. Tarihinta shi ne abin da za mu duba yanzu.

3.0 Yadda Aka Kafa Ma'aunin

Tara tsofaffin kuɗi ya zama sha'awar masu ilmi ne a Turai tun daga ƙarni na 14. Mawaƙin nan na ƙasar Italiya, Petrarch, yana cikin waɗanda aka fara sani da tara kuɗaɗen Rumawa, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne hotunan sarakunan da yake karanta labarinsu a littattafai. A wancan zamani sarakuna da manyan limaman coci ne ke da halin wannan sha'awa, kuma sukan biya abin da ransu ya so, ba tare da wani ma'auni ba. Ganin haka sai masu jabu suka samu kasuwa, suna buga sababbi suna binne su a ƙasa don su yi kama da tsofaffi.

Wanda ya mayar da abin ilmi mai tsari shi ne Joseph Eckhel, mai kula da taskar kuɗin sarautar Ostiriya a birnin Biyana. Tsakanin 1792 da 1798 ya wallafa littafi mai juzu'i takwas, inda ya jera kuɗaɗen Girkawa da Rumawa bisa ƙasa da gari da zamani, ya kuma tace na jabu ya fitar da su. Muhimmancin aikinsa ga batunmu shi ne, sai an san iri nawa ne ake da su, da inda aka buga kowanne, kafin a iya cewa wannan yana da yawa, wancan kuma ƙalilan ne. Daga nan ne ƙaranci ya zama abin da za a iya kafa wa hujja.

Ginshiƙi na biyu shi ne lafiyar kuɗin, watau gwargwadon yadda hannu ya cinye shi. An daɗe ana amfani da kalmomi irin su mai kyau, mai kyau ƙwarai, da wanda bai taɓa shiga hannu ba, amma kowane dillali da yadda yake fassara su. A 1949 wani Ba'amurke mai suna William Sheldon ya tsara ma'auni na lambobi daga 1 zuwa 70 domin tsofaffin kwabban Amurka. A tunaninsa, kwabo mai lamba 70 zai ninka mai lamba 1 sau saba'in a farashi. Kasuwa ta ƙaryata wannan lissafi, amma lambobin sun zauna, har aka shimfiɗa su a kan sauran kuɗaɗe. A 1986 da 1987 aka kafa kamfanoni biyu a Amurka, PCGS da NGC, waɗanda aikinsu shi ne su tantance sahihancin kuɗi, su ba shi lamba, su rufe shi cikin kwanson roba. A Ingila da sauran ƙasashen Turai kuwa, da yawa sun ci gaba da amfani da kalmomi. Haka kuma tun 1972 aka fara buga kundin Krause da Mishler, wanda ya jera kuɗaɗen ƙasashen duniya da yawan da aka buga na kowace shekara da farashinsu bisa matakin lafiyarsu.

Idan aka tattara wannan tarihi, za a ga mai ƙiyasi yana yin tambayoyi biyar ne: Na gaske ne ko jabu? Guda nawa suka rage? Yaya lafiyarsa? Ta hannun wa da wa ya biyo? Mutum nawa ne suke nemansa, kuma nawa aka biya a gwanjon da aka yi na ƙarshe? Mai karatu zai lura cewa shekarun kuɗi ba sa cikin tambayoyin. Ga dalili: akwai kwabban tagulla na Rumawa na ƙarni na 4 da ake tono su da dubbai, waɗanda ake sayarwa a Turai da kuɗin da bai wuce na abincin rana ba, alhali sun haura shekara 1,600.

4.0 Liyari

Yanzu sai mu koma ga abin da ɗalibina ya kawo. Matar da ke jikinsa ita ce Mariya Tereza, wadda ta mulki Ostiriya da Hangari da Bohemiya daga 1740 har zuwa rasuwarta a 1780. Sunan kuɗin a Jamusanci tala, kuma daga wannan kalma ce aka sami dala. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kuma a cikin kowane kashi 1,000 na jikinsa kashi 833 azurfa ce, watau kimanin giram 23.4 na tsantsar azurfa. Larabawa sun kira shi riyal, inda Hausa ta samo liyari, sukan kuma yi masa laƙabi da uban tsuntsu saboda mikiyar da ke bayansa. A Barno ana ce masa gursu.

Ta hanyar Misira da Tarabulus ya ƙetaro Sahara tare da fatake da mahajjata. A lokacin, kuɗin kasuwar Kano wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kawo shi. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Wanda duk ya san wahalar ƙirga wuri, da cewa keso guda na wuri 20,000 kayan mutum ne cikakke, zai gane dalilin da ya sa attajirai suka riƙi liyari: a lissafin Barth, liyari takwas a aljihu sun tsaya a matsayin keso guda. Bugu da ƙari, daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani irin wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya yi ta karya darajar wuri har ƙarshen ƙarnin. Azurfa kuwa ba ta yi irin wannan faɗuwa a idon jama'a ba, sai ta zama ma'ajiyar dukiya, musamman a ɗakunan mata.

Abin da dillalin nan bai faɗa wa magada ba, ko kuma bai sani ba, shi ne cewa bayan rasuwar Mariya Tereza ba a daina buga liyari ba, kuma ba a sake canza shekarar ba. 'Yan kasuwar Gabas da na Afirka sun saba da kamanninsa, har sukan ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'un da ke maɓallin kafaɗarta don su gane wanda ya goge ko na jabu, kuma ba sa karɓar wanda ya saɓa. Saboda haka aka daskarar da shekarar a 1780. Ostiriya ta daina amfani da shi a cikin gida a 1858, amma ta ci gaba da bugawa domin fatauci. A 1935 Italiya ta sami izinin buga shi a Rum saboda yaƙin da ta kai wa Habasha, inda shi ne kuɗin da jama'a suka amince da shi. Daga nan aka buga shi a Landan da Faris da Burasal da Bamingam, har da Bombai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jimlar abin da aka buga ta haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Biyana bai daina ba har yau. Dukkansu 1780 suke ɗauke da ita.

Idan muka ɗora tambayoyin nan biyar a kan liyari, amsa a fili take. Yana da yawa ƙwarai, don haka darajarsa ta uku ta kusan komawa daidai da ta biyu. Ana samun togaciya: waɗanda aka buga tun tana raye, masu ɗauke da shekarun da suka gabaci 1780, da wasu bugun farko-farko na bayan rasuwarta, waɗanda masana ke ganewa ta siffar haruffa da ƙananan alamomi, sun fi sauran tsada. Amma mafi yawan waɗanda ke adudan kakanninmu bugun ƙarni na 19 ne ko na 20.

Akwai wani abin lura kuma. Liyari da yawa an huda su ko an liƙa musu kunne don a rataya a wuya, wasu kuma maƙeran fari sun narkar da su sun yi mundaye da zobba da kayan doki, kamar yadda maƙeran Buzaye suka yi da su a Agadas. A wurin mai tara kuɗi, huji ko liƙi aibi ne babba da ke karya farashi. A wurin mai nazarin al'ada kuwa, wannan huji shaida ce ta yadda kuɗin wata sarauniyar Turai ya zama kayan adon Bahaushiya. Har ila yau kalmar ta bar zuriya a harshe: a Nijeriya dala ta koma sunan sule biyu, a Nijar kuma har gobe dala ɗaya tana nufin faran biyar.

5.0 Anini, Kwabo da Sule

Kuɗaɗen zamanin Turawa su ne suka fi yawa a gidajenmu, kuma su ne aka fi yaɗa jita-jita a kansu. A 1907 aka fara buga anini, watau kashi ɗaya cikin goma na kwabo, domin a sami ƙaramin kuɗin da zai maye gurbin wuri a cinikin yau da kullum. Yana da huji a tsakiya don a shirya shi a zare, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai bayyana darajarsa. Aninin farko da gorar ruwa aka yi shi, watau alminiyam, kuma yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Da aka ga yana saurin lalacewa sai aka koma ga gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. Wannan ya sa aninin alminiyam mai cikakkiyar lafiya ya fi na bayansa daraja, ko da yake shi ma ba dukiya ba ne. Sunan ɗari da aka ba rabin kwabo kuwa, gado ne daga lissafin wuri.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, kuma daga 1913 ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, sai a 1920 aka bar ta aka koma ga tagulla. Wannan shi ne abu na farko da mai sule zai duba: na 1913 zuwa 1919 yana da darajar azurfa ko da ya goge, na bayan 1920 kuwa ba shi da ita. Abu na biyu shi ne ƙaramin harafin da ke nuna gidan da aka buga shi. Harafin H na kamfanin Heaton ne a Bamingam, KN kuma na Kings Norton, wanda ba shi da harafi kuwa galibi bugun Landan ne. Sau da yawa kwabo biyu na shekara ɗaya sukan bambanta a farashi saboda wani gida ya buga miliyoyi, wani kuma kaɗan.

Misalin da ya fi kowanne fito da hujjarmu shi ne na Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon Ingila a Janairu 1936 ya yi murabus a Disamba na wannan shekara. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da hotonsa ba, sai 'yan samfura kaɗan da aka buga don gwaji. Ɗaya daga cikinsu, fam na zinariya mai shekarar 1937, an sayar da shi fam miliyan ɗaya a 2020. A Afirka ta Yamma kuwa an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa da shekarar 1936, domin masu huji ba sa ɗauke da hoto, suna kawai ake canzawa. An buga su da miliyoyi, jama'a kuma suka yi ta ɓoye su don tunawa, saboda haka har yanzu suna da araha. Sarki ɗaya ne, zamani ɗaya ne, amma tsakanin farashin biyun akwai nisan sama da ƙasa, kuma ƙaranci ne kaɗai ya raba su. Haka abin yake ga kuɗaɗen Tarayyar Nijeriya na 1959, shekarar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki: an buga su da yawan gaske, kuma wanda ya sha hannu a cikinsu darajarsa ta tunawa ce.

6.0 Waɗanda Suka Yi Tsada, da Dalilin Tsadarsu

Domin kada a ɗauka labarin miliyoyi duk ƙarya ne, ga misalai uku na gaskiya.

A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da dinari mai rubutu zalla ba hoto, mai nauyin kimanin giram 4.25. Dinaran Banu Umayya na yawancin shekaru ana samun su, kuma farashinsu bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali a cikin masu tarawa ba. Amma akwai na shekara ta 105 wanda aka rubuta a jikinsa cewa zinariyarsa daga ma'adinin Sarkin Musulmi da ke Hijaz ta fito. Kaɗan ne suka rage, ga kuma masu nema daga ƙasashen Larabawa, sai aka sayar da guda a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.7.

Na biyu shi ne dala ashirin ta zinariya ta Amurka ta 1933. An buga guda 445,500, amma kafin a sake su gwamnatin Shugaba Roosevelt ta janye zinariya daga hannun jama'a, aka narkar da su. 'Yan kaɗan suka sulale, ɗaya ta shiga taskar Sarki Faruƙu na Misira a 1944. Wadda ake ɗauka ita ce ta Faruƙu, ita kaɗai doka ta yarda wani mutum ya mallaka, kuma an sayar da ita dala miliyan 7.59 a 2002, sannan miliyan 18.9 a 2021. Zinariyar da ke jikinta kimanin giram 30 ce kawai, kuma ta girmi kwabon Edward da shekara uku tak.

Na uku ɗan'uwan liyari ne wajen ɓoye shekaru. Dalar azurfa ta Amurka mai shekarar 1804 ba a 1804 aka buga ta ba. An fara buga ta ne wajen 1834 domin a kai kyauta ga Sarkin Maskat da Sarkin Siyam. Guda 16 kawai aka sani, don haka kowace tana kai miliyoyi. Liyari da wannan dala duk shekarar da ke jikinsu ba ta gaskiya ba ce, amma ɗaya miliyan ɗari uku ne, ɗaya kuma goma sha shida.

7.0 Kammalawa

Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu, kuma a wannan sha'ani yana cutarwa ta fuska biyu. Akwai wanda za a ruɗa da labarin miliyoyi, ya biya kuɗin tantancewa ko la'ada tun kafin ya ga mai saye, daga baya dillali ya ɓace. Akwai kuma wanda zai kai abu mai wuyar samu wurin maƙeri a auna masa a kan farashin ƙarfe, a jefa a wuta. Wanda ya gaji irin waɗannan kuɗaɗe, abin da ya kamace shi shi ne ya auna nauyinsu, ya karanta shekara da harafin gidan bugu, ya duba kundi, ya kuma nemi sanin abin da aka biya a gwanjo, domin kuɗin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka sallama daban. Kada kuma ya goge su da toka ko lemun tsami kamar yadda ake wanke tasa, domin gugar tana kankare fuskar ƙarfen, kuma masu saye sun fi son dattin shekaru a kan ƙyallin guga.

Ga mu malamai da ɗalibai kuwa, akwai wata daraja da kundin farashi ba ya nunawa. Idan aka haƙa harsashin gini aka ci karo da tukunyar wuri ko ta liyari, wurin da aka same ta, da zurfinta, da irin kuɗaɗen da ke haɗe a cikinta, su ne za su gaya mana lokacin da aka binne ta da hanyoyin fataucin da suka kawo su. Da zarar an watsa su a kasuwa, wannan shaida ta tafi ke nan. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi su haɗa kai da gidajen tarihi irin su Gidan Makama na Kano wajen rubuta abin da ke hannun iyalai, tare da sunayen da tsofaffi ke kiran kowane kuɗi da su, tun waɗanda suka yi ciniki da anini suna raye.

Shi kuwa ɗalibin nawa, daga baya ya dawo ya ce an kai liyarin wurin maƙeri an auna, an ƙiyasta kuɗinsa a gaban magada, wata gwaggonsa ta biya sauran rabonsu ta riƙe shi, domin ta ce tana yarinya ta sha ganinsa a wuyan mahaifiyarta ranar salla.